Fanka, kula ko esi: wanne za ka saya kafin bazarar Sakkwato?

Da Maris ya kama, masu kayan lantarki a Sakkwato kan jera fankoki har bakin titi. Bara na tsaya gaban wani shago, mai shagon ya kunna mini wata fanka mai caji, ya ce, "Wagga ta hi, Alhaji, har asuba ba ta mutuwa." Na saya. Ƙarfe biyun dare ta mutu, muka kwashi tabarmi muka koma tsakar gida.

Fankar ba ta da laifi sosai, ni ne ban tambayi girman batirinta ba. Ka tambayi awa nawa take yi a lamba mafi ƙarfi, domin awoyin da ake rubutawa a kwali yawanci na ƙaramar lamba ne. Ka tambaya ko ana samun batirin canji. In da hali, ɗauki mai haɗe da faifan sola, tunda rana dai ba mu rasa ta ba.

Sai dai fanka ba ta sanyaya iska, kaɗa ta kawai take yi. A Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa daga nan fanka na iya ƙara wa jiki zafi. Wanda ya kwanta a ɗakin kwano da azahar ya san wannan, kamar ana hura maka wutar maƙera. Dabarar ita ce ka jiƙa riga ko mayafi kafin ka zauna gabanta.

Ni a ganina kula mai ruwa, wato na'urar da ake zuba wa ruwa tana huro iska mai sanyi, ta fi dacewa da bazararmu. Aikinta irin na randa ne: ruwa na ƙafewa, yana tafiya da zafi. Iskarmu a Maris da Afrilu busasshiya ce ƙamas, don haka sanyin yana fitowa sosai, kuma wutar da take ci ba ta kai rubu'in ta esi ba, ƙaramar inbata ma na ɗaukarta. Amma tana shan ruwa, wanda ke sayen jarka wajen 'yan garuwa ya sa wannan a lissafi. Tana son taga a buɗe. In ba a wanke tankinta ba sai ta fara wari. Da damina ta sauka kuwa, iska ta yi laima, ta zama fanka mai tsada.

Esi ya fi kowa sanyi, ya kuma fi kowa cin wuta da kuɗi. In akwai tsoho, jariri ko mai ciwon zuciya a gida, ya cancanci kuɗinsa ko da ɗaki ɗaya ne. Saita shi a 27 ka haɗa da fanka. Janareta kuma ya zauna waje, nesa da taga, hayaƙinsa na kashe mutane suna barci.

Ranar da hazo ya rufe gari, ko ana ƙona ciyawa a fadama ko bola a unguwa, lissafin yakan juye. Taga sai a rufe, kula ba ta da amfani, esi ko fanka ne abokan tafiya. In fita ta zama dole, musamman ga mai asma ko ɗan kabu-kabu, takunkumin N95 ne ke tare ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ke kutsawa har cikin huhu. Shuɗin nan na asibiti yana barin iska ta gefe, rawani da gyale kuma ƙura mai kauri kawai suke tarewa. In ka sa N95, ka matse ƙarfen hancin. In gilashinka na yin gumi, bai zauna ba. Masu gemu su sani gemu na hana shi kamawa.

Cikin canjin da ya rage, ka tsaya kemis ka sayi ORS, haɗin gishiri da sukari da ke mayar da ruwan da jiki ya rasa. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, wannan ya wuce ruwan gishiri: a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a nufi asibiti.