Manyan mawaƙa fiye da 40 a ɗaki ɗaya, kowa da halinsa

Na kalli The Greatest Night in Pop a Netflix, fim ɗin da Bao Nguyen ya shirya a 2024 kan daren 28 ga Janairun 1985, lokacin da mawaƙan Amurka suka kwana a situdiyon A&M na Los Angeles suna ɗaukar "We Are the World" don tallafa wa masu fama da yunwa a Habasha. Waƙar dai sananniya ce. Halayen mutanen ne suka hana ni tashi.

Michael Jackson ko bikin ba da kyaututtukan da aka yi a daren bai je ba. Ya riga kowa isa, ya tsaya shi kaɗai gaban makirufo yana ta maimaita baitinsa. Prince kuwa, wanda ya kwashi kyaututtuka a bikin, ya nemi a ware masa ɗaki ya kaɗa jita, aka ce muryarsa ake so cikin taro, sai ya ƙi zuwa. Ban ga girman kai zalla a nan ba. Mutum ne da bai saba sakar wa kowa ragamar aikinsa ba. Sheila E., mawaƙiyar da ke aiki tare da Prince a lokacin, ita ce ta fi ba ni tausayi, da ta gane don a janyo Prince aka gayyace ta, ta kama hanya ta fice.

Inda fim ɗin ya fi ratsa ni shi ne wurin Bob Dylan. Mutumin da duniya ke sara wa ya tsaya cikin taro kamar baƙo, muryarsa ta ƙi fita. Stevie Wonder ya zauna gaban fiyano ya kwaikwayi muryar Dylan, ya rera masa baitin da irin salonsa, sannan Dylan ya samu kansa. Shi dai Stevie ɗin ne ya kawo shawarar a sa Swahili a cikin waƙar, har Waylon Jennings ya yi fushi ya tafi, kafin a tunatar da su cewa Habashawa ba da Swahili suke magana ba.

Ƙorafina biyu ne. Yawancin labarin daga bakin Lionel Richie, wanda suka rubuta waƙar tare da Michael, yake fitowa, Michael da Prince kuma sun rasu, ba su da damar kare kansu. Sannan waɗanda aka taru dominsu kusan ba a gan su ba. In ban da jawabin mawaƙin Ireland Bob Geldof kan abin da ya gani a sansanonin yunwa, da sai mai kallo ya manta dalilin taron. Na so a ce an ba ko da Bahabashe ɗaya da ya rayu cikin farin nan dama ya yi magana.