Yanar ido: kafin ku kai tsoho aiki, ku san abin da za ku zaɓa

Tun da aka yi wa Innarmu aikin yana mutane ke tare ni a Birni da Zango, nan Damagaram, suna tambaya wane irin aikin ya fi, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Da farko dai maganin ɗigawa ba ya cire yana, ko na farmasi ko na ƴan tebur na kasuwar Dole. Ƙwayar da ke cikin ido ce ta yi hazo saboda tsufa ko ciwon suga ko bugu, kuma in ta yi hazo sai an fidda ta an sa ta roba a gurbinta. Wani likitan Ingila Harold Ridley ne ya fara sa irin wannan robar a 1949, ba sabon abu ba ne.

Masu yawo ƙauye-ƙauye da allura suna tura yanar cikin ido, don Allah ku bar su. Kawuna ya yi a ƙauyenmu, ranar farko har ya ga hasken ƙofa ana ta guɗa, wata biyu idon ya yi ja jawur yana ruwa, yau ba ya ganin ko tafin hannunsa da shi. Ƙwayar tana nan ciki ba a fidda ta ba, roba babu, ga allurar da Allah kaɗai ya san idon mutum nawa ta shiga.

Na asibiti iri biyu za ku fi ji. Akwai na hannu, a ɗan tsaga gefen ido a zaro ƙwayar gaba ɗaya a sa roba, shi ne aka fi yi a nan da kuma lokacin aikin kyauta. Akwai fako, inji ne ke farfasa ƙwayar ya zuƙe ta ta ƴar ƙaramar kafa, ya fi saurin warkewa kuma ya fi tsada. Mutane na ce masa leza amma ba leza ba ne. Ni a ganina tsohon da yanarsa ta nuna ta yi tauri, ido ya yi fari fat, na hannun ya ishe shi, ba sai kun sai da akuya don fako ba. Duka biyun kashe zafi ake yi a ido, da allura ko da maganin ɗigawa, mutum na farke, wajen minti 20 zuwa 30 an gama.

Abin da ya fi sunan aikin muhimmanci: za a auna idon kafin a zaɓi lambar robar? An duba hawan ruwan ido, da suga, da tansiyon (hawan jini)? In jijiyar ido ta riga ta mutu cire yana ba zai dawo da gani ba, gara dokta ya faɗa muku tun farko. Sai randebu, wato ranakun komawa wajen dokta: ko babban asibitin Damagaram kuka yi ko kuka tafi asibitin Makka na Maraɗi ko Kano, ku lissafa kuɗin komawa a duba, ba na aikin kaɗai ba. Mu nan gida muka yi saboda haka.

Inna dai da aka cire bandeji washegari abin da ta fara cewa wai ashe zanen da take ɗaurawa ya koɗe haka ba wanda ya gaya mata. Tabarau na karatun Alƙur'ani sai da muka saya daga baya, don robar da aka sa mata ta ganin nesa ce. Wahalar da muka sha ita ce hana ta shara da hura wuta cikin ƙurar hunturu har sati 4.