Giranda ko wutar gas: cire bambar baya da aka liƙe da walda

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka tambaya ko da giranda ko da wutar gas za a cire bambar bayan da aka liƙe wa shasin motarka da walda. Da giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe, za a cire ta. Kada ka bari a kusanto ta da wutar gas.

Ina da tsohuwar a-kori-kura Fijo 504, haɗin Kaduna, da nake ɗauko hatsi da ita daga Dawanau. Wanda ya sayar min ya ɗaura mata bambar bututun ƙarfe mai kauri, ya bi ta da walda, babu noti ko ɗaya. Da ta lanƙwashe sai na kai ta wurin wani dattijo mai walda a Kwakwaci, Allah ya saka masa da alheri. Bai yi gaggawar kunna inji ba. Kwanciya ya yi a ƙarƙashin motar da burushin waya, ya kankare laka da tsatsa har layin waldar ya fito, sannan ya zana da alli inda zai yanka. Bai taɓa jikin shasin ba, hannayen da ke riƙe da bambar ya datse, ya bar ɗan saura kamar faɗin yatsa. Yaronsa kuwa ya tokare ta da jak da katako, don in nauyinta ya sauko ana cikin yanka, matse faifan girandar zai yi ya tarwatsa shi. Bayan ta sauka ya sa faifai mai kauri na gogewa, ya riƙa cin ragowar waldar kaɗan-kaɗan har wurin ya yi sumul. Na ɗora tafin hannuna, ɗumi kawai na ji. Ramukan noti na asali ma suna nan lafiya, a cikinsu aka ɗaure sabuwar.

Ita wutar gas, sauri ne kawai nata, sai kuma ba ta jiran a kawo lantarki. Zafin harshenta ya haura digiri 3,000. Shasin da tsatsa ta riga ta cinye rabin kaurinsa ba ya ɗaukar wannan: ko ya huje, ko ya karkace, ko wurin ya yi rauni ya tsage daga baya a ƙarƙashin lodi. Ga wayoyin fitilun baya, ga bututun birki, ga tankin mai duk a kusa. Wannan kayan aikin masu daddatsa motar da ta mutu ne.

Girandar ma tana feshin tartsatsi, don haka a cire kan batir, a sauke safayar taya, a rufe tanki da jiƙaƙƙen buhun algarara. In ana jin warin fetur, kada a fara sai an gano inda yake yoyo. Kuma kada a yarda yaro ya kwance murfin girandar wai don ta shiga lungu, ƙaramar nan tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya. A sa tabarau.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayar da faifai. Yana da ranar lalacewa, a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa ake buga ta. Wasu na sayar da wanda ya daɗe da wuce lokaci ko ya sha damshi, wasu kuma na jabu mai sunan babban kamfani. Gara ka shiga Ƙofar Ruwa da kanka, wurin wanda ka sani, ka duba zoben. Tsohuwar bambar kuma kuɗi ce, kada wani ya ce maka shara ce ya jefa ta bayan shagonsa. A ɗora ta a sikeli a gabanka.

Ka sayi siraran faifan yanka guda uku da na gogewa ɗaya. Sabuwar bambar kuma ka ce da noti za a ɗaure ta.