Rediyon Kaka ya sha hayaƙi, ga yadda muka ƙare da mai gyara

Nikam da farko na fidda rai. Lokacin sanyin nan ne aka bar hita a bokiti a ɗakin da ke jikin falonmu, aka ɗauke wuta aka manta, da aka dawo da ita wayar hitar ta kama, kafin maƙota su taimaka a kashe hayaƙi ya gama cika gidan. Wutar bata iso falo ba amma komai yayi baƙi ƙirin, har da rediyon kakanmu, Grundig ne mai akwatin katako irin na ƙarshen shekarun 1950, mai bawul a ciki (wasu 'yan kwalaben gilashi kamar ƙwan fitila da suke ƙara ƙarfin sigina da sauti), wanda sai ka kunna ka jira ya ɗau zafi kafin yayi magana. Da shi marigayin yake jin BBC Hausa, wai kusan tun fara ta a 1957, to kun ga ba abin yarwa bane.

Kuskuren farko ni nayi shi, na kai wa wani yaro mai gyaran waya a unguwa. Ya ciro bawul biyu ya goge da sifirit tas suna ƙyalli, sai dai rubutun jikinsu ya bi tsumma. Allah ya taimake ni na hana shi jonawa a wuta, don har ya ɗauko soket.

Daga baya aka yi min kwatancen wani dattijo a cikin gari da ya daɗe a gyaran rediyo da talabijin, shi nake son yi wa wannan sharhin. Yana buɗe bayan ya sunsuna sai yace "ɗana, roba ce ta ƙone ko?" Nace eh Baba, waya ce. Yace to ita ce matsalar, hayaƙin robar waya idan ya haɗu da danshi asid yake zama ya dinga cin ƙarfe a hankali, shi yasa ƙafafun bawul ɗin suka fara kore-kore a kwana goma kacal. Sannan baƙin da ya kwanta a ciki gawayi ne kuma wuta tana bin gawayi, rediyon nan kuwa yana aiki da sama da bolt 200 a ciki, da an jona da sai dai tartsatsi.

Na zauna kusan awa biyu ina kallon aikinsa ranar farko. Bai fara da ruwa ko wani mai ba, busasshen buroshi mai laushi ya sa yana kaɗe baƙin, yace in ka jiƙa shi tun farko ka dama kunu ne kawai ka tura shi lungu. Sai daga baya ya ɗauko sifirit irin mai kashi 99, wanda babu ruwa sosai a ciki, da audugar kunne, rami-rami yana bin mazaunin bawul. Kowace kwalba (haka yake kiransu) kafin ya cire sai ya manna takarda ya rubuta lambarta da wurin zamanta, EL84, ECH81, biyun da yaron can ya goge ma daga mazauninsu ya gane su. Ya nuna min wani tabo kamar azurfa a cikin gilashin, yace muddin bai koma fari kamar alli ba iska bata shiga ba, kwalbar da sauran rai.

Abinda ya fi burge ni gilashin tashoshi. Nace Baba a wanke shi mana yayi haske, yace a'a, fentin sunayen a baya yake kuma ko ruwa zai iya ɗauke shi. Gaban kawai ya goge. Har yanzu bayan da ɗan duhu-duhu amma sunayen tashoshi irin su Hilversum da Luxembourg da layin mita 49 da 31 duk suna nan.

Ya canza kwandansa na takarda guda shida ('yan ƙananan kayan ciki masu riƙe caji), wannan tsufa ne ba hayaƙi ba. Ranar gwaji kuma ta cikin ƙwan fitila ya bi da wutar, wai in akwai matsala ƙwan ne zai haska sosai maimakon taransifoma ta ƙone. Ƙwan yayi haske ya lafa, can sai koren idon nan na gaban rediyon, mai nuna an kama tasha, ya buɗe, wallahi sai da naji ƙwalla.

Inda zan rage masa maki: yace sati biyu, sai da nayi sati bakwai ina sintiri, waya kuma baya ɗauka. Kuɗin ma ya haura abinda muka yi da farko ba tare da ya sanar dani ba. Sannan ƙauri bai fita duka ba, yadin gaban sifika ya riƙe shi, na hana a canza yadin don shine na asali. Yace in zuba gawayi a kwano in ajiye a cikin akwatin in ba a kunne yake ba, nayi, ya ragu sosai, amma in ya kai rabin awa a kunne katakon ya ɗumama sai kaji shi kaɗan-kaɗan, Hajiya kam tace in mayar da shi ɗakina.