Jirgin ruwan da muka ɗauka shata a Girne

A watan Yuni muka je Saifurus ta Arewa bikin kammala karatun ɗana na biyu, ni da Alhaji da ƙanwarsa, wato Gwaggon yara, da autarmu mai shekara tara. Makarantar yaron a Lefkosha take, can tsakiyar tsibirin, inda zafi ke dafa mutum kamar Kano a bazara. Ana gama biki ya ce, "Umma, ai ba kwa koma gida ba ku ga Girne ba." Tafiyar kamar rabin awa ce a mota. A haura duwatsu, a gangaro, sai ga Bahar Rum shimfiɗe a gabanka, shuɗi har iya ganin ido.

Tsohuwar tashar jiragen ruwan garin a lanƙwashe take kamar jinjirin wata. Gidajen dutsen da suka kewaye ta, a da ɗakunan ajiyar harnub ne, 'ya'yan wata bishiya masu kama da ɗorawa da ake lodawa zuwa ƙasashen waje. Yanzu yawancinsu sun koma gidajen abinci. A bakin ruwan masu jirage ke tsayawa suna neman fasinja. Mun fara leƙa manyan jiragen da kowa ke biyan kuɗin kujerarsa. Sun fi araha, amma kiɗa ne ba sassauci, ga giya, ga jama'a cikin kayan wanka. Hutunsu suke yi a irin tasu al'adar. Ni dai na san ba zan iya wuni a ciki da 'yata ba, Alhaji kuwa ko tsayawa bai yi ba.

Shi ya sa muka ɗauki shatar ƙaramin jirgi, mai cin kamar mutum goma, daga ƙarfe goma na safe zuwa La'asar. Kuɗin ƙasar lirar Turkiyya ce, amma da fam ɗin Ingila aka faɗa mana farashi, ɗana ya yi ciniki da Turkanci har aka sassauta. Duk da haka mun biya fiye da ninki biyu na abin da mu biyar za mu biya a babban jirgi. Ban yi da-na-sani ba.

Kyaftin ɗin dattijo ne mai furfura, rana ta ƙona shi, da "Abla" yake kirana, wato Yaya. Ranar da muka yi ciniki ya nuna mana katafaren gidan yaƙin da ke gabashin tashar, ya ce kada mu hau jirginsa sai mun ga wanda ke ciki. Muka bi shawararsa a yammacin nan. Ganuwa ce mai kauri da mutanen Benis, wani birni a Italiya ta yau, suka ƙarfafa a ƙarni na 16, kafin Usmaniyawa su karɓi garin a 1570. A wani ɗaki mai sanyi aka ajiye wani jirgin fatake na katako da ya nutse kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani mai nutso ɗan garin ne ya gano shi a 1965, ba nisa da gaɓa, aka tsamo shi katako-katako aka sake harhaɗawa. Tsawonsa kamar mita 14. Ga tulunan da ya ɗauko, ga duwatsun niƙa, ga 'ya'yan almond da suka yi baƙi ƙirin amma ba su ruɓe ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kayan cin abincin ma'aikatansa: komai huɗu-huɗu aka samu, shi ya sa masana suke ganin mutum huɗu ne a ciki. Na daɗe a tsaye ina tunanin waɗannan fatake da iyalan da suka bari a gida suna duban hanya. Washegari da ƙafata ta taka jirginmu, addu'ar hawa abin hawa ta fito mini daga can cikin zuciya.

Gabas muka nufa. Daga cikin ruwa ne ake ganin garin yadda yake, fararen gidaje a ƙasa, bayansu jerin duwatsun da ake kira Beshfarmak, wato yatsu biyar. Ba mu yi nisa ba kyaftin ya rage gudu ya nuna mana wani farin gini a kan duwatsun gaɓa, hubbaren da suke kira Hazreti Omer, inda mutanen wurin ke cewa an binne mayaƙan Musulmi bakwai na farkon zamanin Musulunci. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, kyaftin ma ya shafa tare da mu.

Inda na fi yaba masa shi ne wajen wanka. Ya wuce wuraren da manyan jirage ke tsayawa, ya kai mu wani lungun ruwa da ba kowa, ruwan garau kana hango yashin ƙasa. Ya jefa anga, ya ce shi da yaronsa za su shiga ciki haɗa abinci, ba za su fito ba sai mun kira. Haka kuwa aka yi. Ni da Gwaggo muka sauka cikin kayan wankanmu masu rufe jiki, muna riƙe da igiya. Rabona da shiga ruwa tun ina yarinya a rafin ƙauyenmu. Da Azahar ta yi, ba mu tambaya ba ya duba na'urarsa ya nuna mana alƙibla, kudu maso gabas, ya shimfiɗa mana tsabtataccen tawul.

Abinci ya zo a ƙananan faranta da yawa, zaitun, kwaɗon tumatir da kokwamba, madara mai kauri da tafarnuwa, da burodi. Akwai cukun ƙasar da suke kira helim, a gasa shi kamar awara, baya narkewa, sai dai gishirinsa da yawa. Kifin gasasshe ne kowa da nasa, sabo, da lemon tsami. Babu yaji ko kaɗan. Wanda bakinsa ya saba ya taho da ƙullin yajinsa, Gwaggo ce ta cece mu da nata.

Akwai abubuwan da ba su yi mini ba, kuma ɗaya daga ciki babba ne. Babu rigar ceto daidai jikin yara. Ta manya aka ɗaura wa autata, tana zamewa har kunnenta, dole Alhaji da yayanta suka riƙe ta duk lokacin da take cikin ruwa. Jirgin da ke ɗaukar iyali bai kamata ya rasa wannan ba, kuma na faɗa wa kyaftin gaba da gaba. Tsanin sauka ruwa siriri ne mai santsi, mai ciwon gwiwa zai sha wuya. Banɗakin ƙarami ne ƙwarai, babu buta, sai da muka yanka gorar ruwa. Sannan da muka zo sallama aka kawo mana lissafin shayi da lemo daban, alhali mun ɗauka suna cikin kuɗin shata. Ku tambaya tun wurin ciniki.

A hanyar dawowa iska ta taso, ruwa ya fara jijjiga mu, jiri ya kama Gwaggo har ta kwanta. Kyaftin ya matso kusa da gaɓa ya rage gudu, ya ce mata ta kafa ido a kan duwatsu kada ta kalli ruwa, kuma ta ɗan samu sauƙi. Mun sauka wajen ƙarfe huɗu da rabi, muka haura matakala zuwa ƙaramin masallacin Aga Jafar Fasha da ke bayan tashar muka jira La'asar. Idan Allah ya sake kai ni, jirgin nan zan nema, amma da rigar ceton autata a cikin jakata.