Shagon ɗinki daura da Ƙofar Doka, inda babu takardar sharuɗɗa a bango

Yawancin shagunan ɗinki da na sani a Tudun Wada da Sabon Gari suna da takarda manne a bango, wadda ke cewa ba bashi, kuma sai an ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Wannan shago na cikin birnin Zazzau ba shi da irin wannan takarda, domin mai shi, wani dattijo da ya gaji ɗinkin hannu, ya fi dogara da abu biyu da na lura ba ya saɓa musu: ba ya alkawarin da ba zai cika ba, kuma ba ya riƙe abin da ba nasa ba.

Ana saura mako uku a fara azumi na kai masa shadda yadi goma, ina son babbar riga mai aska takwas don Ƙaramar Sallah. Ya shimfiɗa ta, ya shafa, ya ce, "Alhaji, in na karɓa a kan Sallar nan ƙarya zan yi maka. Ko mu yi aska biyu, ko ka ba ni zuwa Babbar Sallah." Na zaɓi jira, kuma kuɗin zare kawai ya karɓa. Ina zaune wani ɗalibi daga Samaru ya zo karɓar kaftani babu cikon kuɗi, ya miƙa masa ya ce ya kawo a ƙarshen wata, alhali wani mai hali da ya taɓa barin aiki a hannunsa sai da ya biya duka.

Wannan tsari yana da nasa aibin. Ba ya ba da rasit, kuma idan ya yi tafiya yaran shagon ba sa iya yanke shawara a kan komai, tunda ƙa'idar tana cikin kansa ne. Sau biyu na yi zuwan banza saboda haka.

Rigar ta fito kwana huɗu kafin Layya, an kai ta wurin masu bugu tana sheƙi, askar kuma ta zauna daidai ba ta karkace ba. A cikin ledar na tarar da ragowar shaddar a ninke, wadda ba ta kai rabin yadi ba. Mai son aska takwas don Ƙaramar Sallah ya kai yadinsa tun kafin Rajab.