Ruwan Custodiol a ɗakin dashen hantar ɓera

Mu masu gwajin dashen hanta a jikin ɓeraye, ruwan da ake wanke hantar a ajiye ta ciki shi ne rabin aikin. Ni dai HTK nake amfani da shi, wanda ake sayarwa da sunan Custodiol. Bretschneider, wani masanin kimiyya na Jamus, ne ya haɗa shi, asali ma don aikin zuciya.

Tsinkewar ruwan, wato rashin kaurinsa, ce ta saye ni. Jijiyar ɓera siririya ce, ga saurin yagewa. Da ka zura bututu ka saki ruwan, sai ka ga hantar ta washe ko'ina, jini ya fice tas, ba sauran jan tabo. Wani ruwan ajiyar hantar kuma, UW, na Belzer da Southard na Jami'ar Wisconsin, yana da kauri saboda sitacin da ke cikinsa, ga fotashiyam kusan milimol 125 a lita, alhali na HTK bai wuce 10 ba. Don haka dole ka ɗauraye UW ɗin daga hantar kafin ka saki jini, kada zuciyar dabbar ta tsaya.

Sai dai HTK a yalwace ake zuba shi. A ɓera ba komai, a alade kuwa aljihu zai ji. In hantar za ta daɗe a sanyin digiri 4, na fi natsuwa da UW. Hanta mai kitse kuma ba ta cika jure sanyi ba ko da wane ruwa, gara injin da ke zagaya mata jini a digiri 37, irin OrganOx metra, ga mai hali.